Ranar da Na Ɗinke Littafin Malam

Ko tsufa zai cinye mini tunani kaf, ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar da na zauna a zauren Malam Sani a Ƙauran Namoda, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina koyarwa a firamaren Sakajiki, kuma ina neman auren 'yarsa Hadiza. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sanda manyana suka je sai ya ce, "Muna dai duba yaron." To, ni kuwa yaron da ake dubawa na rasa inda zan sa kaina, kullum ina neman abin da zan burge shi da shi.

Ana cikin haka na haɗu da Isufu, wani mutumin Maraɗi mai gyaran littattafai a kasuwar Shinkafi. Shi ya koya mini abin da yake kira ɗinkin Faransawa. Za ka ninke takardu biyu, ka cusa wasu cikin wasu su zama ƙananan ɗauri, ka huda su ta kan ninkin da basilla, ka goga wa zare kakin zuma. Kana ɗinka ɗauri na sama sai ka saƙalo zaren na ƙasa, har bayan littafin ya fito kamar kitso. Na yi wa Hadiza ɗaya da bangon atamfa, ta juya shi ta ce, "Ashe kana da hannu." Shi ke nan kaina ya kumbura. (Wallahi a makon nan ko ganye na gani a ƙasa sai in ji ina son in ɗinka shi.)

Shekarar da aka fara Shari'a ce, zauren Malam ya cika maƙil. Direbobi, 'yan kasuwa, har dattawan da suka rabu da karatu tun suna samari, kowa ya dawo neman fiƙihu. Wata Alhamis, ranar da ba a karatu, Malam ya miƙo mini gafaka, jakar fatar da yake ajiye littafinsa, ya ce in kai wa baduku ya gyara maratayin. Baduku ya ce in kwashe takardun in dawo jibi.

Da na isa gida na duba, sai tausayi ya kama ni. Littafin fiƙihu ne da mahaifin Malam ya rubuta da hannunsa, amma ko ɗinki babu! Kowace takarda an ninke ta biyu an ɗora a kan 'yar'uwarta kawai. Na ce a raina, Allah sarki, babban malami kamar wannan a ce ya rasa mai ɗinka masa littafi? Ga ni Allah ya kawo.

Na yi alwala, na shimfiɗa tabarma, na fara aiki. Takardun nan na cusa su cikin juna kamar yadda Isufu ya koya mini. Ban ga lambar shafi ba, ban kuma damu ba. Na dai lura da wata kalma ita kaɗai a ƙasan kowace takarda, na ɗauka ado ne. (Larabcina a lokacin bai wuce na sallah ba, balle rubutun hannun mutanen da.) Na huda, na ɗinka, na saƙala, na yi bango da kwali da koren yadi. Kai, ya yi kyau! Ranar Juma'a sai da na kai wa abokaina suka gani.

Asabar bayan la'asar na sa sabuwar riga, na jira zaure ya cika, sannan na yi sallama na durƙusa na ajiye gafaka.

"Allah gafarta Malam, na ɗan ƙara wani gyara."

Ya zaro littafin. Ya juya gaba, ya juya baya, ya kalli kitson nan na Faransawa. Sai ya kalle ni ta saman tabarau.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Malam," na ce, har da murmushi.

"Hmm."

A nan na fara ganin abin da ban sani ba. Mutane sun miƙo hannu, kowa na jiran a ba shi takardarsa. Ashe haka ake karatun: Malam ya zare wa kowa takardar da ya tsaya, wannan yana babin sallah, wancan yana babin ciniki, kowa ya koma gefe ya maimaita. Don haka aka bar shi a sake. Ni kuma na zo na ɗaure abincin mutum goma sha a kwano ɗaya.

Sai Malam ya rufe littafin. Ya miƙa wa Alhaji Mudi, wani dattijon direba mai murya kamar lasifika, ya ce ya ci gaba daga inda ya tsaya ranar Laraba. Alhaji ya lalubo babin alwala, yana karantawa yana fassarawa.

"Sannan ya wanke huskarshi, sannan ya wanke hannuwanshi..." Ya kai ƙarshen takarda, ya tsallaka ta gaba. "...sai a raba su tsakanin ɗiyanshi, a ba matarshi nata kaso."

Ya tsaya. Ya sake dubawa.

"Malam, hannuwan za a raba?"

Jama'a, zauren nan ya fashe. Wani har da faɗuwa kan buhun gero. Cusa takardun da na yi ya jefa babin gado tsakiyar babin alwala, kuma haka littafin yake tun daga farko har ƙarshe. Ta bayan labulen soro na jiyo wata dariya da na sani sarai. Hadiza ce. Gumi ya jiƙe sabuwar rigata, na ce shi ke nan, aure ya tafi.

Malam ya bari aka lafa, sannan ya nuna mini kalmar nan da na ɗauka ado ce.

"Wagga ita ka hwaɗa maka takardar da ka biye. Kai ka ɗunke shi, kai za ka warware shi, kuma kai za ka jera shi. Nan cikin zaure, kullum bayan la'asar."

Warwara ba ta ɗauke ni komai ba. Jerawar ce ta ci damina guda, don ba ka jera abin da ba ka iya karantawa. Kullum in taso daga Sakajiki a kan keke in zauna kusa da Alhaji Mudi, wanda ya raɗa mini suna Tela. Ranar da na miƙa takarda ta ƙarshe, Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin gafaka, ya ce, "Ka ce ma manyanka su zo."

Har yau hujin basillata na nan a jikin littafin, kuma duk baƙon da ya tambaya Malam kan ce, "Aikin surukina ne." Tun daga ranar, in na ga abu a sake, sai na tambayi mai shi dalili kafin in ɗauko zare. Hadiza dai ba ta yarda na tuba ba. Ko yau ta gan ni da allura sai ta kwashe takardun yara ta kulle a akwati.