Rasuwar Goggo Beulah, Mai Yanke Sumba

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma wuyan da ya sanƙare saboda kwanan kujera, Ɗan'uwa Rulon Stoddard na garin Payson yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar tace fina-finai wadda duk kwarin nan ya sani da Goggo Beulah. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta na bayan shago, bayan gajeruwar rashin lafiya. Gajeruwa ƙwarai ma. A yi haƙuri da jinkirin sanarwa, mai makokin yana fama da wata jinyar, ta aurensa, don tun ranar da aka yi rashin akwatin uwargidansa LaRue ke tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon jihar Idaho, inda ƙanwarta take.

Marigayiya ta zo garin nan da tsufanta, a bayan motar ɗaukar kaya, lulluɓe da bargo. Aikinta ɗaya ne, kuma ta riƙe shi da amana. Mutum zai sayi kaset ɗin fim, ya kawo shago yana sunkuyar da kai. Rulon ya miƙa mata a baki, ta haɗiye da ƙarar nan tata, "gurrr, ƙwas!" Sai shi da ita su zauna su kalla tare. Da an zo wurin ashar, ko wata ta kai hannu ga maɓallin riga, ko fuska biyu sun fara matsowa kusa, sai ya danna jan maɓalli, ita kuma ta ce "tsit," ta goge wurin har abada. Mai kaset ya ɗauki abinsa ya kai wa iyali su kalla ranar Litinin da yamma, hankali kwance.

Wa zai iya ƙirga alherinta? Ba wani zunubi da aka ɗauka a fim wanda baiwar Allah ba ta gani ba, amma ko sau ɗaya ba ta kai gulma coci ba. A hannunta sojoji suka koyi ladabi: harsashi ya sami ƙaton soja a cinya, ya wage baki zai zunduma ashar, shiru kake ji, sai can ka ji ya ce, "...Kyaftin." A hannunta masoya suka koyi sauri: saurayi ya ce wa budurwa sannu, su nufi ƙofa, kafin ka kai gugguru baki ga su da 'ya'ya uku da kare. Akwai fim ɗin da ya shiga cikinta da awa biyu ya fito bai kai tsawon addu'ar cin abinci ba, kuma mai shi ya dawo ya ce bai taɓa fahimtar labari kamar wannan ba. Yaran Payson da yawa sun girma suna zaton rufe ƙofa ke kawo haihuwa, kuma in ka dubi yawanmu a garin nan, ba za ka ce sun yi ƙarya ba.

Shi ma Rulon ya yi sadaukarwa, kada a ci haƙƙinsa. Shi ke kallon ƙazantar don kada jama'a su gani. Wani wurin har sai ya maido shi baya sau da yawa, wai don ya tabbatar da inda ɓarnar ta fara. Mu dai ba mu ce komai ba. Sai dai aikin ya bar masa ciwo a babban yatsa. Ko a titi ya ga miji ya ranƙwafo wajen matarsa, sai ka ga yatsan yana danna cinyarsa. A gida kuwa abin ya kai in LaRue ta matso, sai ya bubbuga mata kafaɗa kamar bishop na sallamar baƙo, ya tambaye ta ko ta ga maƙullin mota.

LaRue ba ta cika ƙorafi ba, domin tana da maganinta. Akwai kaset ɗin ranar aurensu, wanda kawunta ya ɗauka da kyamarar aro. A ciki, sun fito daga haikalin da aka ɗaura musu aure a garin Manti, suna kan matakala, sai wani siririn saurayi mai gashi cike da kai ya kama amaryarsa ya sumbace ta, ya ƙi saki, har kakarta ta fara tarin ƙarya. Duk ranar da Rulon ya ƙure ta, sai ta saka kaset ɗin ta kalli wannan wuri, ta tuna dalilin da ya sa ta aure shi, ta tashi ta ɗora girki. Kwafi ɗaya ne tak a duniya.

Da kotu ta hana a taɓa fina-finan mutane, Goggo Beulah ta yi ritaya ba da son ranta ba. Aka rufe ta da zanen tebur, Rulon ya koma sayar da kayan ajiyar abinci. To, kwanan nan sai ga wata matashiya mai suna Corinne ta zo daga California da masu kyamara, tana haɗa shirin gaskiya a kan wannan sana'a tamu da ta mutu. Rulon ya sa farar riga da laktaye, ya goge marigayiya da man kujera har tana ƙyalli.

"Mista Stoddard, muna so mu ga yadda kake yi," in ji Corinne. "Amma lauyanmu ya ce kada a saka fim ɗin kowa. Ba ka da wani kaset naka na kanka?"

"Ina da shi mana, 'yata," in ji Rulon. "Nuni kawai zan yi, ba abin da zan taɓa."

Kai, wannan magana! Ya tsallaka gida ya ɗauko kaset ɗin aure daga cikin durowar LaRue, ita kuma tana kicin tana haɗa wa baƙi dankali da cuku, irin wanda muke kai wa gidan makoki. Goggo Beulah ta haɗiye kaset, "gurrr, ƙwas!" kamar ba ta taɓa hutu ba. Rulon na ta zuba bayani, yana kallon kyamara yana gyara laktaye. A allo kuma ga haikali, ga matakala, ga siririn saurayi ya juyo wajen amarya. Daidai nan LaRue ta turo ƙofa da kasko mai zafi a hannu, ta tsaya tana murmushi, don ta san abin da ke tafe.

Shi ma yatsan ya sani. Rulon ya rantse bai aike shi ba, kuma mun yarda. Fuska biyu suka matso, yatsa ya sauka, Goggo ta ce "tsit." Allo ya yi shuɗi. Da hoto ya dawo, sai ga kaka tana tari, ba wanda ya san dalili.

"Rulon Stoddard," in ji LaRue, a hankali. "Maido shi baya."

Ya maido. Shuɗi. Ya sake maidowa. Shuɗi.

"Maman yara, ai ba ni ba ne, na'urar ce ta..."

"Shekara da shekaru ina zaune da mai bubbuga kafaɗa," ta ce, hawaye na zubo mata. "Wancan yaron kaɗai ya rage mini, shi ma ka bi shi ka goge."

Abin da ya biyo baya, iyali sun bayyana shi da cewa kaskon ne ya suɓuce. Shaidu sun ce ya suɓuce har sau uku, kuma duk a wuri ɗaya. Marigayiya ta yi "fisss," ta fitar da ɗan hayaƙi mai ƙamshin cuku, fitilarta ta lumshe. Mai gyara da aka kira ya buɗe cikinta, ya ga dankali har cikin hanji, ya cire hula. Corinne kuwa ba ta kashe kyamara ba. Ta ce tunda ta fara aiki ba ta taɓa samun rana mai albarka irin wannan ba, Allah ya shirye ta.

Tun daga nan Rulon bai sami sukuni ba. Ba na'urar ce kaɗai ke cin ransa ba, ko da yake yana kukanta. Kafin allon ya yi shuɗi ya hango yaron nan na kan matakala, kuma ya gane cewa ya daɗe da goge shi, tun kafin Talata. Kunya ta kama shi, tsoro ma ya kama shi, don ya san LaRue ba ta ɗaure akwati don wasa.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗan'uwanta talabijin, wanda shi ma ido ɗaya ya rage masa. Da 'yar riƙonta na'urar maido kaset baya. Da igiyoyin wuta da ba wanda ya san na mene ne. Da jikoki a kowane gida, fina-finan da ba su da tsakiya. Ta kuma bar jama'a masu yawa da ba su taɓa koyon kawar da kai da kansu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da rana a bayan shago, ƙarƙashin bishiyar tuffa. Bishop ya ce ba zai yi wa ƙarfe addu'a ba, amma zai zo cin abinci. Mata su kawo burodi da kayan zaƙi, dankali kuwa an gode.

Bayan an rufe rami akwai ƙarin hidima guda, wadda LaRue ta gindaya a matsayin sharaɗin kwance akwati. Rulon zai tsaya gaban jama'a, gaban kyamarar Corinne, ya mayar da abin da ya goge.

"A gaban bishop?" ya tambaye ta. "Har tsawon yaushe?"

"Sai na ce ya isa," in ji ta. "Babban yatsan kuma ni zan riƙe shi."

Ya amince, yana gumi. Saboda haka iyali na roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da shiri. Duk wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya rufe idonsa da hannunsa, domin mai yanke muku ta riga mu gidan gaskiya.