Ƙarfen Injiniya Ba Ya Rusunawa

Ka taɓa ganin mutumin da ya san komai game da bindiga alhali bai taɓa taɓa kunamarta ba? In ba ka taɓa ba, shiga adaidaita-sahu ka sauka Limawa, ka ce a nuna maka gidan Injiniya Sharhabilu. Ba za ka ɓata ba. Allon sunansa uku ne: ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a bakin layi, ɗaya a jikin darbejiyar maƙwabcinsa.

Allah ya yi wa Jigawa baiwa da wannan bawa nasa. Biro huɗu ne a aljihun gabansa, biyu ma suna rubutu. Tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa ko da masallacin Juma'a za shi. Injiniyancin kuwa ba makaranta ce ta ba shi ba, don makaranta ta yi masa kaɗan. Wani direban tifa ne ya kira shi da sunan a wajen gini shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi kuma bai ga dalilin ƙaryata ɗan'uwa Musulmi ba. 'Yan unguwa kan ce masa Na-Gaban-Kwamiti, domin kwamiti bakwai yake ciki, kuma ba a taɓa ganinsa a layi na biyu ba.

Na takwas ɗin ne ya fito da hazaƙarsa fili. Satar dabbobi ta dami wasu ƙauyuka wajen Kiyawa, sai 'yan sintiri da mafarauta suka sami fili don koyon saiti. Abu guda ya rage musu: abin da zai tare harsashi in ya huda allo, kada ya tafi yawo. Tsofaffin mafarauta suka ce a tara yashi, tudu mai tsayin mutum biyu. Yashi kuwa a wajen ko kaza ta tona sai ta samu.

Injiniya ya girgiza kai cikin tausayi.

"Yashi? A wannan zamanin? Mutane sun je wata sun dawo, mu muna nan muna tara ƙasa kamar gara. Ni ba zan sa hannu a aikin gara ba."

Jawabin ya ci minti arba'in da biyu. "Ni" ta fito sau sittin da ɗaya.

Ba da ka ya yi maganar ba, ya yi bincike. Akwai wani bidiyo na minti uku a wayarsa, ya kalli minti ɗaya da rabi kafin data ta ƙare, ragowar kuma basira ta cike. Ya zana faifan ƙarfe mai tsayin ƙafa takwas, faɗi goma sha biyu, fenti kore da fari, sunansa a tsakiya da haruffan da makaho ma sai ya ji a jikinsa. Ya raɗa masa Sharhabil Kama-Harsashi, Samfuri na Ɗaya.

Nata'ala mai walda, wanda aka kai wa aikin, ya dubi zanen ya ce da gyara. Irin wannan ƙarfe goshinsa ake sunkuyarwa gaba, a haƙa ramin yashi a gindinsa, yadda harsashi zai zame ya nutse ƙasa. In aka tsayar da shi ƙiƙam, abin da aka aika masa shi zai maido. Injiniya ya ja da baya taku biyar, ya runtse ido ɗaya, ya gano matsalar da mai walda bai hango ba: in aka sunkuyar da faifan, manyan baƙi ba za su ga sunan daga rumfa ba, hoto ma ba zai ɗauka ba.

"Nata'ala, kai walda ka iya, ni tunani. Ƙarfen da ke ɗauke da sunana ba zai rusuna wa harsashi ba."

Nata'ala ya liƙa shi a tsaye cak. Ya kuma ba da uzuri tun da wuri cewa ranar buɗewa yana da suna a Buji, duk da ba wanda ya san shi da dangi a can.

Wanda ba shi da Bujin gudu shi ne Malam Idirisu. Shanunsa ashirin da uku ne, su ne gadonsa, su ne abincin gidansa, kuma burtalin da suke bi zuwa mashaya taku saba'in ne daga gefen filin. Wata hanyar babu. Dama da hagu gonakin gero ne, ya fara fitar da kai, kuma kowa ya san abin da kan biyo baya in saniya ta sa baki a geron wani. Sau uku dattijon yana zuwa Limawa. Na farko aka ce Injiniya na taro, na biyu aka ce yana shirin taro. A na uku ya samu ganinsa, ya roƙa a tara yashin nan ko a juya filin. Ya kuma faɗa masa abin da bidiyon bai faɗa ba: mafarautan nan ba dalma suke ɗura wa bindigar toka ba, ƙwayar boris ɗin keke ce. Dalma in ta daki ƙarfe lotsewa take yi. Boris kuwa tsalle yake kamar ƙwallo, shi da idonsa ya ga dutse ya maido shi.

"Malam Idirisu, wannan ilimi ba a ruga ake koyar da shi ba. In shanunka na tsoro, a canja musu hanya. Ci gaba ba ya jiran saniya."

"To, ranka ya daɗe," in ji dattijon yana sa takalminsa, "Allah ya sa harsashin ma ya iya karatu."

Ranar Asabar aka buɗe, da hantsi. Rumfa biyu, kujeru tamanin, lasifika ɗaya. Kowa ya bar abin hawansa a bakin hanya, ban da Injiniya, wanda ya kawo motarsa taku goma sha biyar daga faifan don ita ma ta shiga tarihi. Can a bakin burtali Malam Idirisu ya tare shanunsa da sanda tun safe, ba su sha ruwa ba, suna kuka, lasifika na amsa musu. Jawabin Injiniya ya ci minti hamsin da biyar. Ganga in ta cika zaƙi, an san inda ta nufa.

Aka kira Ɗayyabu, babban mafarauci, ya yi harbin farko. Ya ɗura albarushi, ya zuba boris tara. Ya dubi faifan, ya dubi jama'a, ya ce a matsa baya, sannan shi da kansa ya kwanta a bayan wani kututture. Injiniya ya yi murmushin da akan yi wa jahili, ya riƙe ƙugu.

Tara suka tafi, tara suka dawo. Huɗu suka shige lagireton mota, biyu fitilarta, ɗaya lasifika, ɗaya ya huda hannun babbar rigar Injiniya ya wuce. Na taran ba a gan shi ba har yau, amma Malam Idirisu ya ƙirga shanunsa sau biyu, ashirin da uku cif. Cikin kujeru tamanin, bakwai aka tarar a tsaye. Ƙarfen dai bai rusuna ba. Mai sunan ne aka zaƙulo daga ƙarƙashin teburin baƙi, da ƙasa a goshi kamar wanda ya idar da nafila.

Amma gwani gwani ne. Ya kaɗe riga, ya ɗauki makirfon da ya riga ya mutu, ya fuskanci kujerun.

"Kamar yadda kuka gani, jama'a, babu harsashi ko ɗaya da ya wuce bayan ƙarfen. Ɗari bisa ɗari."

Mafarauta ba su kafa kwamiti ba. Suka kwantar da faifan, suka juya filin ya ba burtali baya, suka fara jidar yashi. Amalanke goma sha huɗu suka zuba kafin la'asar. Shanun sun sha ruwa da azahar.

Motar ce ta ƙi tashi, ruwanta ya tsiyaye tas. Malam Idirisu ya ware bijimai biyu, aka ɗaura igiya. Kilomita biyu ne zuwa kwalta. Injiniya ya zauna a sitiyari, gwiwar hannu a taga, yana danna wa bijiman hon su ƙara sauri.

Kada ka tsaya a maganata, gwajin bai fi minti biyar ba. Nemi ƙwayar boris wajen mai gyaran keke, ka jefi ƙofar ƙarfe da hannu sau goma, ka jefi tarin yashi sau goma, ka ƙirga nawa suka dawo maka. Don Allah ka gwada. Sai dai ka fara matsar da motarka.