Yadda Za Ka Sauke Dish Ka Burge Surukinka

Kai da ka gaji da biyan kuɗin dish duk wata, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin sati ya zagayo duk layinku sai an san da zamanka. Abokina Tela ya bi su, ga shi har yau ana maganarsa.

1. Sayi 'yar na'urar

Ba ta fi akwatin ashana ba. Soka ta a bayan talabijin, ta jawo maka tashoshi ta intanet. Mai shago zai ce tasha dubu tara ce a ciki. Kada ka tambaye shi nawa ne ke buɗewa, sai ya ɗauka yau ka fara ganin lantarki.

2. Sauke dish da rana tsaka

Hau rufi kowa na kallo. Tela sai da ya jira maƙwabcinsa Direba ya fito wanke mota, sannan ya leƙo daga sama ya ce, "Har yanzu kana biya? Allah ya kawo maka wayewa." Kwanon dish ɗin kuma ka ba matarka ta riƙa shanya barkono a ciki, don kada zuciya ta raya maka komawa.

3. Gayyaci surukinka

Zaɓi ranar wasan ƙarshe na cin kofi. Surukin Tela dattijo ne mai son ƙwallo, wanda bai taɓa yaba masa komai ba. Shekara tara da ba shi 'ya, har yanzu "yaron nan" yake kiransa. Tela kuwa ba abin da yake so a duniya kamar tsohon ya ce masa madalla, ko da sau ɗaya. Ya share falo, ya gyara kujera, ya ce, "Baba, yau za ku ga zamani."

4. Jona da wayar matarka

Datarka ba za ta kai hutun rabin lokaci ba. Amma ka gargaɗi danginta kada su kira. Tela ya manta. Ƙanwar matarsa ta kira, 'yan wasa suka daskare ƙafa a sama, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar fili.

Baba ya ce, "Wannan zoben na wace ƙungiya ne?"

In ya faru da kai, ka ce alƙalin wasa ne ke nazari.

5. Toshe tagogi

Ga abin da mai shago ya ɓoye maka: na'urarka tana bayan dish da minti guda cur. Ana saura ƙiris a tashi, gidan Direba ya kaure da ihu, "Ta shiga! Ta shiga!" A talabijin ɗin Tela kuwa mai tsaron raga yana durƙushe yana ɗaure igiyar takalmi.

Baba ya dubi bango, ya dubi talabijin. "Yaron nan, su ne suke gobe, ko mu ne muke jiya?"

"Baba, yanzu za ta iso."

"To, in ta iso ka gaishe ta."

Ya zura takalmansa, ya wuce gidan Direba ganin ɗaga kofi. Tela na tsaye da rimot a hannu ya jiyo muryarsa ta taga: "Madalla da kai, ɗana."

Gargaɗi

Ba ruwana da surukin da ya sauya gida, ko matar da ta daina ba ka wayarta. Mai ƙorafi ya same ni a falon Direba, can nake kallo. Barkono dai ya bushe sarai.