Jakar Goyona Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka yi sakayau ba da son ransu ba, ni Ciril Vodopivec, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a nan Ljubljana, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jakar goyona, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Asabar da ta wuce a bakin kogon Postojna, a gaban jama'ar ƙasashe da dama, waɗanda babu wanda ya san ta a cikinsu.

An haifi marigayiya a wata kasuwa a Trieste, zamanin da muke tsallaka iyaka don sayen wando. Ta shigo ƙasar nan da gahawa ɓoye a cikinta, ba ta kuma tona asirin kowa ba. Tun daga nan aka shaide ta da riƙon amana. Ta ɗauki igiya da fitila da burodi da cuku zuwa kogunan da ba a sayar da tikitinsu, ta sha laka, ta kwana a sanyi. Maganarta ɗaya ce, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a kowane taku. Matata Marjeta, kafin ta tattara nata ta bar gidan, ta ce wannan ce kaɗai muryar da nake saurara. Ta yi gaskiya. Jakar dai ita ce ta zauna.

Babban aikin da za a tuna ta da shi shi ne goyon ɗana Tilen. Yana ɗan ƙarami na huda ta wuri biyu don ƙafafunsa, ta kai shi cikin kogon da ke bayan ƙauyen mahaifiyata. Can ciki na kashe fitila don ya ji ɗigar ruwa. Da na kai hannu zan kunna, sai ya ce daga bayana, “Baba, bari tukuna.”

Ciwon ajalinta ya soma ne da bazara, lokacin da Tilen ya aiko daga Hamburg, inda yake aiki, cewa zai zo da budurwarsa Maike, suna zaga ƙananan ƙasashe da jaka a baya. Na share ɗakinsa. Na sayo silifan cikin gida sababbi, nasa da nata, na jera a bakin ƙofa, don ba a shiga gidanmu da takalmi. Sai suka sauka a masaukin 'yan yawo da ke bakin kogi, kan gado mai hawa biyu, cikin warin safar baƙi. Daga tagar masaukin ana hango rufin gidan da ya girma.

“Baba, so muke mu ga garin yadda yake da gaske,” in ji shi, da muka zauna shan gahawa kusa da gada.

Na ce, “Madalla. In kun gano shi ku faɗa mini, ni ashe a na ƙarya nake zaune.”

Ya yi dariya, ya yi mini alkawarin Asabar: za mu kogonmu, ya nuna wa Maike inda aka goya shi.

Ranar Asabar na cika marigayiya da igiya da guzuri da hulunan kwano uku, na tsaya a tashar jirgin ƙasa. Ta yi nishi, ban kula ba. Can sai ga saƙo: sun riga sun yanki tikitin Postojna, Maike tana son shiga ɗan jirgin da ke yawo da mutane cikin kogo, in same su can in ina so. Mai mutunci gida zai koma. Ni na hau jirgi.

Na iske su a layi, cikin mutane masu guntun wando da tabarau. Na ɗaga hannu zan gaishe su, maɗaurin jakar na dama ya ce ɓat. Na hagu ya bi shi. Cikinta ya yage daga tsoffin hudojin nan biyu, huluna suka gangara tsakanin ƙafafun jama'a, kwal, kwal, kwal. Wata baƙuwa ta ɗauke ni hoto, ta zaci ina cikin abubuwan kallo.

Tilen ya durƙusa yana tsince cuku. “Haba Baba, ana kallonmu,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Wannan ragar ai ta daɗe da mutuwa, kai ne ka ƙi yarda.”

Layi ya motsa, suka bi shi. Na rungumo gawar na dawo gida. Washegari suka wuce Zagreb.

Marigayiya ta bar igiya ɗaya, da fitilar goshi mai ciwon ido, da huluna uku, biyu daga ciki marasa aikin yi. Ta kuma bar magaji, wani akwati mai taya da Tilen ya aiko ta gidan waya, da saƙon cewa saboda bayana ne. Akwatin ba ya magana, ba kuma zai iya shiga kogo ba. Na gode masa.

Za a yi jana'iza ranar Talata a bayan gidanmu, wurin bololin shara. Kasancewar garin nan ba ya yarda a binne kowa gaba ɗaya sai an rarraba shi kashi-kashi, maƙwabciyata Gwaggo Zdenka, wadda ke gadin shara daga tagarta ba tare da an naɗa ta ba, ta riga ta yanke hukunci. “Malam Ciril, ƙarfe daban, tamfol daban, roba daban. Kukan kuma ka yi shi a ɗakinka, kar ka jiƙa mini takarda.”

Ba a buƙatar furanni. Mai son ta'aziyya ya hawo sama, ya cire takalminsa. Zai tarar da silifa a bakin ƙofa, na namiji da na mace, ba a taɓa sa su ba.