Ranar da Ɗiyar Fari Ta Ɗaga Hannu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Tsibiri ba, ko da na so, don har gobe in ta faɗo mani a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ne siyasa ta dawo ƙasa, kowace kwana da tutar jam'iyya, kowane wata da yajin aikinsa. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko ta Sabon Gari, kwanakinta na rufe sun fi na buɗe yawa. Mu malamai mun gaji da zaman gida, 'yan mata kuwa an ɗora masu tire an tura su talla tasha. Ga sida, cutar ƙanjamau, ta shigo, kowa na faɗin sunanta ƙasa-ƙasa. Sai wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ya zo Maradi neman mata masu baki, waɗanda za su riƙa tara masu tallar nan suna yi masu bayanin jikinsu: jinin al'ada, yadda ciki ke shiga, da yadda ake gane namijin da ba gyaɗa ya zo saye ba. Baki kam Allah ya ba ni (maigidana shaida ne). Aka haɗa ni da Madam Rahila, wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista 'yar Tsibiri. Ita ke riƙe hotuna, ni ina zuba.

Mun yi unguwar Zariya ta Maradi, mun yi garin Jiratawa, rana ta dake mu, ƙafa ta kumbura. Na haddace zancen har bakina na iya yinsa ina gyangyaɗi. Kowace tambaya aka yi mani, da magana ɗaya nake rufewa: "Ki gaya wa uwarki."

To ga abin da furoje bai sani ba. Ina da ɗiyar fari. Tun da aka yaye ta mahaifiyata, Inna, ta ɗauke ta zuwa Tsibiri, kamar yadda aka saba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na je gida sai in ce, "Ina waccan?" ita kuma Yaya take ce mani. (Kada ku jira in rubuta sunan nan, hannun ma kunya yake ji.) Haka aka yi mani, haka na yi, mutane kuwa sai yabo: Madam ta yi lakwal amma ba ta zubar da kunya ba.

Ranar da muka je Tsibiri aka tara mana 'yan mata a ƙarƙashin wani icen bedi, wato dogon yaro. Iyaye mata suka jeru jikin katanga suna leƙe. Ganinsu ya sa na ƙara murya.

"Kunya ce ke kashe mana ɗiya!" na ce, har da buga ƙirji. "Uwar da ba ta iya zaunar da ɗiyarta ta yi mata magana, mi haihuwar ta amfana mata?"

Rahila na ta taka mani ƙafa. Ni kuwa na ɗauka so take in yi sauri mu tashi.

Sai hannu ya ɗago daga can baya. Mai hannun ta janye mayafi daga fuska. Ita ce, da tiren gyaɗa a gabanta. Ni ban ma san Inna ta ɗora mata talla ba.

Idona ya gudu kan reshen bedi da kansa. Na ce, "Ke... ta bayan nan... mai shuɗin mayafi." 'Yan mata suka hau ƙyalƙyala dariya, don duk Tsibiri an san wa ta haifi wa.

Ta miƙe ta ce, "Madam, in wani direba kullum shina saye gyaɗarki duka, ya kawo maki sabulu da turare, ya ce ki raka shi Maradi ki ga gari, amma kada ki gaya wa kowa, mi za ki yi?"

Kaina ya tsaya cak, amma bakin nan nawa da ya saba aiki ba da izinina ba, bai tsaya ba. Ina ji ya ce, da muryar furoje, "Sai ki gaya wa uwarki."

Sannan ta ce, "To ai ita nike gaya wa."

Wayyo Allah! Da ma dariya aka yi, da na ji sauƙi. Wata tsohuwa a jikin katanga ta yi salati ta rufe baki da gefen zane. Ni da na gama zagin iyaye yanzu-yanzu, ga ni tsaye ina kallon bedi kamar ni na shuka shi. Rahila ta naɗe hotunanta ta ce, "Yara, yau mun tashi."

Na kama hanyar gidan Inna ta cikin gonaki, ni a gaba, ita a baya da tire. Ko a lokacin ban iya juyawa ba, da hatsin mutane nake magana.

"A tambayi waccan, direban nan ya taɓa ta?"

"A'a, Yaya. Kasuwa mai zuwa ya ce mu tahi."

"Shi ne ba ta gaya wa kowa ba?"

"Inna cewa take Allah shi ƙaro ciniki. Ke kuma in kin zo ba ki dubana."

Nan na juya na dube ta, kallo na sosai. Ashe har wushirya gare ta irin tawa. Tsoro ya kama ni, tausayi ya kama ni, na yi kuka a gonar da ban san mai ita ba.

A ranar na taho da ita Maradi, talla ta ƙare. Inna ta yi fushi da ni har babbar sallah, maƙwabta suka ce lakwal ta gama cinye ni. Na ji zafin maganar, amma gajiya ta hana ni mayar da martani. Aikin furoje kuwa na ci gaba da shi har ya watse kamar sauran, sai dai murya ta ragu ƙwarai.

Darasin da na kwasa, 'yar'uwa: kafin ki hau iyayen mutane da wa'azi, fara leƙa layin baya. Ɗiyar da kika ƙi saurara a ɗaki, a gaban jama'a za ta ɗaga maki hannu, kuma ki gode wa Allah in ta ɗaga.