Yaƙin Gurbi na Biyar a Katangar Giwayen Tasha

Wannan shi ne tarihin Haladu ɗan Tanimu mai gyaran birkin jirgin ƙasa, ɗan Gambo wanda ya saɓi ƙarfen dogo shi kaɗai har Bature ya cire hula, ɗan Mati wanda ba a san ya yi komai ba amma salsala ba ta cika sai da shi; Haladu Sarkin Tsakiya, mai raba ganima ya koma gida hannu wofi, hadari mai zuba a gonar maƙwabci, lamba takwas na ƙungiyar Giwayen Tasha ta Ƙauran Namoda tun ana buga ƙwallo da tafin ƙafa har aka waye aka fara bugawa da takalmin aro. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, in ta gagara ya ba mu abin da ya yi kama da ita.

Bayan haka, ku sani a bakin filin Tasha akwai wata katanga da magabata suka raba gida biyar, domin a zana fuskokin mazajen da ba a yi kamarsu ba tun kafa ƙungiyar. An cika huɗu. Gurbi na biyar ya zauna fari fat shekara da shekaru, kuma babu ranar da Haladu zai tafi rumfarsa ta sayar da buhunan wofi bai tsaya gabansa ya gyara zaman hularsa ba, kamar mai duba madubi. Da ƙungiya ta cika shekara hamsin sai dattawa suka yanke cewa bana za a cike gurbin, daga shi kuma an rufe ƙofa har abada. A lokacin Haladu yana da shekara hamsin da takwas, da gwiwa ɗaya mai sanar da zuwan damina.

To, ga inda mas'alar take. Giwaye ba su taɓa ajiye tarihi a takarda ba. Tarihinsu yana rataye a hammatar Ilu makaɗi, wanda yake bin su da kalangu duk inda suka je. Kowane ɗan wasa da ya jefa ƙwallo a raga yana da takensa, kuma abin da kalangu ya faɗa a fili ba a janye shi. Sai dai kalangun Ilu bai san wanda ya miƙa ƙwallo ba, wanda ya ci kawai ya sani. Haladu kuwa a shekara goma sha huɗu ƙwallo huɗu ya ci, ɗaya ma a ragarsu ce. Aikinsa shi ne ya ɗaga kai daga tsakiyar fili, ya auna, ya aika ta ta sauka a goshin Barau lamba tara, Barau ya yi mata sallama zuwa raga, Ilu ya kaɗa taken Barau, 'yan mata su yi guɗa, Haladu ya koma tsakiya yana gyara safa.

Ranar muƙabala majalisa ta zauna a ƙarƙashin darbejiya, Malam Namadi tsohon hedimasta yana shugabanta, mutumin da har yau in ya yi gyaran murya masu jikoki suke gyara zama. Runduna ta rabu biyu. Ga 'Yan Ƙirga, masu cewa girma a raga yake. Ga 'Yan Gani-da-Ido, masu cewa mu dai mun ga abin da muka gani. Mai wannan ruwaya yana cikin na biyun, domin ya shekara tara a bencin Giwaye ba a taɓa sa shi ba, saboda haka babu wanda ya kai shi kallon Haladu da kyau.

'Yan Ƙirga suka zare takobinsu guda ɗaya tak, amma mai kaifi: sau uku Haladu ya kai Giwaye wasan ƙarshe, sau uku aka dawo ba kofi. 'Yan Gani-da-Ido suka ɗaga garkuwa, suka ce na farko alƙalin wasan surukin shugaban abokan karawa ne. Na biyu ruwa ya sauko har ƙwallo ta koma kamar tulu. Na uku kuwa Haladu ya ajiye ta a gaban Barau, raga a buɗe, Barau ya ɗaga ta sama har sai da aka je bayan tasha aka ɗauko. Aka yi ta artabu tun bayan azahar, ruwaya tana karo da ruwaya, shekarar da wani ya ce ta ambaliya ce wani ya ce ta fari ce, har wani dattijo ya rantse ya ga wasan da aka buga kafin a yaye shi.

Shi Barau yana gefe yana ɓarar gyaɗa. Tun da ya shiga sayen hatsi ya zama mutum biyu da rabi, kuma bai nemi gurbin ba, ya zo ne don inuwa.

Daga nan sai Haladu ya miƙe, a mataki uku, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, surutun ya isa. A tsayar min da wannan buhun a bakin raga ranar Asabar. Daga tsakiya zan buga, sau ɗaya. In ba ta sauka a kansa ba, ku zana duk wanda kuka ga dama."

Barau ya ce, "Wa kake kira buhu, kai da kake sayar da na wofi?"

Malam Namadi ya yi gyaran murya. "In ta sauka, majalisa za ta duba."

Ya ku masu hankali, ina ma kun ga shirin yaƙin nan. An buɗe akwatin ƙarfe aka fito da sulke, wato riga mai lamba takwas, wadda ta shiga ta wuya lafiya, ta iso ciki ta tsaya tana neman sulhu. An shafe gwiwa da man zafi har kajin gidan suka yi hijira. An ɗaure ƙugu da rawaninsa na zuwa sallar Idi. Da sadauki ya zo fita, uwargidansa ta leƙo daga madafa ta yi masa addu'ar mayaƙa, ta ce in zai karye don Allah ya karye kusa da gida.

Bayan la'asar fili ya cika. Masu faci sun bar faci, mahauta sun rufe tukuba, an kori awaki daga da'irar tsakiya bayan doguwar tattaunawa. Ilu makaɗi, wanda ido ya fara yi wa gardama, ya zauna bayan raga da kalangunsa. Raga babu gola, domin ba a ga bukata ba. Barau ya tsaya a gabanta cikin babbar riga, sai wayarsa ta yi ƙara, wani direba ne daga Shinkafi, ya juya wa fagen fama baya yana tambayar buhu nawa suka jiƙe.

Haladu bai jira ba. Ya ja da baya taku bakwai, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya jiƙa yatsa ya gwada iska, ya yi kirari da muryar da ta tashi tattabarun tasha: "Sai ni ɗan Tanimu, mai aike ba ɗan aike!" Sannan ya taho, ƙasa tana girgiza, ciki yana gaba rawani yana biye, ya ɗaga ƙafar dama ya sakar wa ƙwallo abin da ya tara shekara talatin. Aka ji ƙara biyu. Ta farko ta ƙwallo ce. Ta biyu daga ƙugunsa ta fito.

Ita kuwa ƙwallo ta tashi kamar an aike ta da wasiƙa, ta keta sararin samaniya, ta yi lanƙwasar da malaman lissafi ba su da sunanta, ta wuce kan masu rake, ta sauko a hankali cikin ladabi, ta sami ƙeyar Barau daidai inda hula ta ƙare. Hula ta yi kudu, waya ta yi arewa, ƙwallo ta daki ƙasan turken gola ta kwanta a kusurwar raga.

Fili ya yi tsit na numfashi ɗaya. A cikin wannan numfashin ne hannun Ilu, wanda ya shekara arba'in yana abu ɗaya, ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarci mai shi ba. Taken Barau ya tashi. Jama'a suka ɓarke, maza shida suka ɗaga Barau sama, na bakwai yana tallafe da abin da ya rage, aka zagaya fili da shi, aka tsallake Haladu sau biyu.

Daga inda yake kwance Haladu ya ɗago kai ya ce, "Malam, ni fa na buga."

Malam Namadi ya ce, "Kowa ya gani, Haladu. Amma wa ya ci?"

Barau, da aka sauke shi yana shafa ƙeya, ya ce, "Wallahi Malam ni ban ma san an fara ba."

Malam Namadi ya juya ga majalisa ya ce su shaida wannan magana, domin mutumin da zai ci ƙwallo da ƙeya, yana waya, yana shekara sittin, bai ma san an fara ba, to ba a yi kamarsa ba kuma ba za a yi ba. 'Yan Ƙirga suka amince. 'Yan Gani-da-Ido ma, da kunya nake faɗa, muka amince, domin mun gani da ido.

A yi wa Barau adalci: ya roƙi mai zanen, wani gwanin zanen bayan manyan motoci, da ya raɓa abokinsa a gefe. Mai zane ya auna Barau, ya auna gurbi, ya ce shi kansa Baraun sai an rage masa kafaɗa. Amma ya yi alkawarin zai duba.

Bayan kwana arba'in a hannun mai ɗori, Haladu ya dogara sanda ya isa gaban katanga. Ga Barau ya cika gurbi har yana matse maƙwabcinsa. Can ƙasa, a kusurwa, ga wata ƙafa guda daga gwiwa zuwa takalmi, ta leƙo daga wajen zanen, an rubuta takwas a jikin safarta don kada a yi musu.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ta hagu ce."

Ya gyara hularsa ya wuce rumfa.