Ranar Da Na Rungume Surukina

Tsohuwar jif ɗin surukina, Alhaji Sule, ita ke kwaso masa gyaɗa daga gonarsa ta Gafasa. Ana dab da girbi sai ta soma tari tana mutuwa a cikin rairayi. Ni kuwa mutum ne mai son ganin cikin komai. Na kalli bidiyon gyaran mota a waya har na ji na ƙoshi, na sayo sababbin filogi da kwayil, na nufi gidansa a Gaya.

"Baba, ba sai an kira bakanike ba," na ce, kaina a sunkuye, don tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Na ɗaura komai tsaf, yana tsaye a gefena yana kallo. Abu ɗaya ya rage yana cin raina: wai yaya wutar nan take fitowa? Sai na zare wayar filogi ɗaya na riƙe da tsurar hannu, na ce wa Habu, ƙanin matata, ya murɗa makulli.

Ban ga wutar ba, ji na yi. Na ƙwalla ihu, "Wayyo Inna!" Da hankalina ya dawo, sai na tarar na ƙanƙame Alhaji ta wuya, hularsa tana ƙasa.

"Malam," ya ce a hankali, "akwai wutar?"

"Akwai, Baba."

Jif ta tashi lafiya, gyaɗa ta zo gida. Amma har yau, da na yi sallama a ƙofar gidan, sai Habu ya ɗaga murya daga zaure: "Baba, dafe hularka, ga Injiniya nan!"